Yadda Ake Gina Kasuwar Hatsi a Cikin Kwamfuta Domin Nazarin Farashi

Kusan duk shekara farashin gero yana karyewa da kaka, ya yi ta hawa har zuwa tsakiyar damina. Wasu su ce 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya, wasu su ce manoma ne ke gaggawar sayarwa saboda matsin kuɗi, wasu su ɗora laifin a kan kuɗin mota. Ba wanda zai iya rufe kasuwar Dawanau shekara guda don ya gwada wane ne da gaskiya. Abin da za a iya shi ne a gina kasuwa a cikin kwamfuta, a zuba mata manoma da 'yan sari da magidanta na ƙirƙira, kowanne da jarinsa da hatsinsa da 'yar ƙa'idar da yake bi wajen yanke shawara, sannan a sake su su yi ciniki da juna. Ba kai ne za ka rubuta farashi ba. Farashi zai fito ne daga cinikinsu, kai kuma ka zauna ka auna.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Thomas Schelling ya nuna a 1971 yadda unguwanni ke rabuwa ta hanyar matsar da 'yan kwabbai a kan allo. Joshua Epstein da Robert Axtell sun fitar da samfurin Sugarscape a 1996, kuma a 2016 masu bincike a Babban Bankin Ingila sun gina irin wannan samfuri don kasuwar gidaje. Matakan da ke ƙasa na kasuwar gero ne, amma tsarin ɗaya ne ko albasa kake nazari ko shanu. Duk alƙaluman da za ka gani a misalai na koyo ne, ba na wata kasuwa ta gaske ba.

Mataki na 1: Rubuta tambaya ɗaya tak

Kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta tambayarka a jimla guda wadda lamba za ta iya amsawa. “Ina son in fahimci kasuwar hatsi” ba tambaya ba ce. “Idan rabin manoma suka samu bashi da kaka suka jinkirta sayarwa wata huɗu, da kashi nawa tazarar farashin Oktoba da na Yuli za ta ragu?” tambaya ce. Ita za ta nuna maka abin da zai shiga samfurin da abin da za ka bari a waje. A wannan tambayar, ajiya da bashi dole ne, amma irin takin da manomi ya sa ba shi da muhalli.

Mataki na 2: Zaɓi kayan aiki

NetLogo, manhajar gina irin wannan samfuri da Uri Wilensky ya fitar a 1999, kyauta ne, yana aiki ba tare da intanet ba da zarar ka sauke shi, kuma yana zuwa da tarin samfura da za ka buɗe ka karanta. Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba ya fara da shi. Wanda ya iya Python, harshen rubuta manhaja, ya ɗauki Mesa, kayan gina samfuri da ke aiki da shi, domin daga baya sarrafa alƙaluma da zana jadawali sun fi sauƙi a can. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka ta isa ɗaukar mahalarta, wato mutanen ƙirƙira da ke cikin kasuwar, ɗari biyar zuwa dubu kaɗan.

Mataki na 3: Fara da kasuwar da za ka iya lissafa amsarta da biro

Nan ne mafi yawan masu koyo suke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake tsayuwa ko ya rushe. Idan ka fara da manoma ɗari biyu da damina da bashi da iyakar ƙasa gaba ɗaya, farashi zai fito, amma ba ka da hanyar sanin ko halin kasuwa ne kake gani ko kuskuren rubutunka.

Ƙirƙiri masu saye shida da masu sayarwa shida, kowa da buhu ɗaya a ransa. Kowane mai saye yana da iyakar da ba zai wuce ba: 150, 135, 120, 105, 90, 75. Kowane mai sayarwa yana da ƙasan da ba zai sallama a bayansa ba: 60, 75, 90, 100, 115, 130.

Jera masu saye daga babba zuwa ƙarami, masu sayarwa daga ƙarami zuwa babba, ka haɗa su biyu-biyu. Mai 150 da mai 60 sun bar amfanin 90 a tsakaninsu. Mai 135 da mai 75, amfanin 60. Mai 120 da mai 90, 30. Mai 105 da mai 100, 5. Na biyar ba ciniki, don mai saye ya tsaya a 90, mai kaya kuma yana neman 115. Ke nan buhu huɗu ya kamata a sayar, farashin daidaito, wato inda yawan masu son saye ya yi daidai da na masu son sayarwa, yana tsakanin 100 da 105, kuma iyakar amfanin da kasuwar za ta iya fitarwa 185 ne. Rubuta waɗannan lambobi uku a takarda.

Yanzu ka ba su ƙa'ida mafi wauta da za ta yiwu. A kowane zagaye a zaɓi mutum ɗaya ta ƙuri'a. In mai saye ne, ya yi tayi da kowace lamba tsakanin 1 da iyakarsa. In mai sayarwa ne, ya faɗi kowace lamba tsakanin ƙasansa da 200. Manhajar tana riƙe da tayi mafi girma da kuma kuɗin sallama mafi ƙanƙanta. Duk lokacin da sabon tayi ya kai kuɗin sallamar da ke ajiye, ko sabon kuɗin sallama ya sauko zuwa tayin da ke ajiye, ciniki ya faɗa a kan farashin wanda ya riga faɗa. Mutum biyun su fita, a goge allon, a ci gaba. A tsaya bayan zagaye 2,000.

Wannan shi ne gwajin da Dhananjay Gode da Shyam Sunder suka wallafa a 1993. Sun gano cewa 'yan kasuwar da ba sa tunani sam, muddin an hana su cinikin faɗuwa, suna fitar da kusan dukkan amfanin da kasuwa za ta iya bayarwa. Darasin shi ne tsarin cinikin kansa yana yin babban aiki, ba wayon mutane kaɗai ba.

Auna naka haka: tara amfanin duk cinikin da aka yi, ka raba da 185. A ce mai 90 ya yi sa'a ya saya a hannun mai 60. Sauran za su iya zama 150 da 75, 135 da 90, 120 da 100, mai 105 kuwa ya tashi hannu rabbana. Jimilla 30 da 75 da 45 da 20, wato 170, kusan kashi 92 cikin 100. Hakan na faruwa, ba kuskure ba ne. Amma in ka ga amfanin ya haura 185, ko wani ya saya sama da iyakarsa, ko buhu ɗaya an sayar da shi sau biyu, to kuskure na cikin rubutunka, kuma kada ka ƙara komai sai ka gano shi.

Akwai tarko a nan. Dave Cliff ya nuna a 1997 cewa matsakaicin farashin irin waɗannan 'yan kasuwa yana faɗawa kusa da farashin daidaito ne kawai idan ɓangaren saye da na sayarwa sun yi kusan kunnen doki a siffa. Gwada da kanka: mayar da ƙasan duk masu sayarwa ya zama 100. Za ka ga farashi ya karkata sama, domin ba mai sallamawa ƙasa da 100, amma masu tayin ƙuri'a suna ta wuce gona da iri. Saboda haka wannan ƙa'ida ta gwajin inji ce. Don nazarin farashi na gaske sai an ba mahalarta ikon koyo.

Mataki na 4: Ba kowa abin da ya mallaka

Faɗaɗa zuwa manoma 200, 'yan sari 20, magidantan gari 300. Zagaye ɗaya ya zama mako guda, shekara mako 52, girbi ya faɗo a makonni huɗu zuwa shida a jere.

Manomi yana riƙe da girman gona, hatsin da ke rumbu, kuɗin hannu, yawan bakin da yake ciyarwa, da buƙatun kuɗi masu ranar biya: bashin taki, kuɗin makaranta, hidimar biki. Ɗan sari yana da jari, girman sito, kayan da ke ciki tare da farashin da ya saye su, da hasashensa na farashi. Magidanci yana da kuɗin shiga na mako da abin da gidansa ke ci.

Kada ka ba kowa lamba iri ɗaya. In duk gonaki hekta biyu ne, ka zubar da amfanin hanyar baki ɗaya, da ma lissafin matsakaici ka yi ka huta. Yawanci ƙananan gonaki ne da yawa, manya kaɗan, kuma jarin 'yan sari ya fi haka karkata. Don samun siffar rabon, duba binciken gidaje na LSMS-ISA da Bankin Duniya ke yi tare da hukumomin ƙididdiga, wanda ya haɗa da Najeriya da Nijar.

Abu biyu da samfuran da aka kwafo daga waje ke mantawa. Na farko, manomi ɗaya yana sayarwa da kaka kuma ya dawo ya saya da damina in rumbunsa ya ƙare, don haka kada ka kulle shi a matsayin mai sayarwa har abada. Na biyu, hatsi da yawa yana sauya hannu ba ta kasuwa ba: zakka, wadda a noman damina kashi ɗaya cikin goma ce ga wanda ya kai nisabi, da kyauta ga dangi, da irin shuka da ake warewa. In ka tura dukkan girbi kasuwa, karyewar farashin kaka za ta fito fiye da kima.

Mataki na 5: Rubuta ƙa'idar yanke shawara

Kowace ƙa'ida ta zama wadda za ka karanta wa ɗan kasuwa ya ce “haka muke yi” ko “ba haka ba ne”. In ba za ta faɗu da baki ba, ta yi sarƙaƙiya.

Manomi: ya ware abincin gida na watannin da ya saba, ya ware iri. In akwai biyan da ya zo kuma kuɗin hannu bai kai ba, ya sayar da abin da zai cike gibin ko nawa ne farashi, har daga cikin abincin gidan in ta kama. In ba matsi, ya sayar da rarar ne kawai in farashin yau ya kai abin da yake tsammani.

Magidanci: ya sayi abin da gidansa ke ci. In farashi ya tashi ya rage kaɗan ko ya koma masara ko dawa. Rage saye da kashi 3 zuwa 5 ga kowane tashin kashi 10 wurin farawa ne mai ma'ana, domin abinci ba a daina ci, amma ka sa wannan lamba cikin waɗanda za ka jujjuya daga baya.

Ɗan sari shi ne zuciyar samfurin. Yana saye ya ajiye in lissafi ya fita. A ce buhu yau 100, yana hasashen 130 nan da wata shida. Ƙwari da ɓera da raɓa za su ci kashi 5, saura 123.5. Hayar sito da dako da magani 4, saura 119.5. Ribar da jarin nan zai kawo da an juya shi a wani cinikin cikin wata shida 12, saura 107.5. Tunda 107.5 ya fi 100, ya saya, gwargwadon abin da jarinsa da sitonsa suka ɗauka. Zai daina tayi da zarar farashin yau ya kai 107.5. Lura cewa tashin kashi 22 da wani abu duk kuɗin ajiya ne ya cinye, ba riba ba. Muhawarar ɓoye kaya ba ta da ma'ana sai an fara cire wannan.

Daga ina hasashen 130 ya fito? Kada ka bari ya leƙa farashin gaba da ke cikin manhajar. Wannan kuskure yana shigowa a ɓoye, misali in ka lissafa matsakaicin shekara sannan ka ba mahalarta shi tun farkon shekarar. Hanya mafi sauƙi: kowa yana riƙe da hasashen kowane wata, kuma bayan watan ya wuce sai ya gyara. Sabon hasashe shi ne tsohon, a ƙara masa wani kaso na tazarar da ke tsakanin abin da ya gani da abin da ya zata. Ya zaci 120, ya ga 140, kasonsa 0.2, sabon hasashe 124. Ka ba kowane ɗan sari kaso dabam tsakanin 0.1 da 0.5. In duk kasonsu ɗaya ne, za su saya rana ɗaya su zubar da kaya rana ɗaya, farashi ya riƙa tsalle irin wanda ba a gani a kasuwa.

Irin wannan matsala tana jiran ka a wurin shuka. In kowane manomi yana faɗaɗa gona bisa farashin bara kaɗai, shekarar tsada za ta haifi shekarar araha, ita kuma ta haifi tsada. Masana sun bayyana wannan zagaye tun shekarun 1930, kuma manoman albasa da tumatir sun san shi a jikinsu. Yana lafawa in masu saye sun fi manoma saurin amsa farashi, yana ƙaruwa har ya fashe in akasin haka ne. A gero, inda mafi yawan noman na ci ne kuma fili yana da iyaka, ka taƙaita sauyin gona zuwa kashi 10 ko ƙasa a shekara.

Mataki na 6: Tsara abin da ke faruwa a kowane mako

Jerin ya zama ɗaya koyaushe: girbi in lokacinsa ne, shigar kuɗi, biyan bashi, kowa ya ƙayyade abin da zai saya ko ya sayar, cin kasuwa, cin abinci, lalacewar ajiya, gyaran hasashe, sannan rubuta alƙaluma.

A cikin kasuwa dole a cuɗa jerin mahalarta kowane mako. In ɗan sari mai lamba 1 shi ne kullum na farko, shi zai kwashe kaya masu araha, bayan shekara goma ka ga ya mallaki kasuwa, ka zauna kana rubuta bayani kan yadda jari ke taruwa a hannun mutum ɗaya alhali lambarsa ce kawai ta zo farko. Umarnin ask na NetLogo yana cuɗawa da kansa. A Mesa kai ne za ka nema, da shuffle_do a sababbin fitowa.

Kada kowa ya duba kowa. Mutum 1,000 suna da haɗuwa biyu-biyu 499,500, mutum 10,000 kusan miliyan 50. Bari mai saye ya taya wurin mutum uku zuwa biyar. Ya fi sauri, kuma ya fi kama da gaskiya. Alan Kirman da abokan aikinsa, da suka yi nazarin kasuwar kifi ta Marseille a Faransa, sun ga cewa masu saye da yawa suna manne wa mai kaya ɗaya, kuma samfurinsu ya nuna wannan amana tana tasowa da kanta daga koyo. In kana son ka sa dillali da la'adarsa ko cinikin bashi tsakanin abokan hulɗa, nan ne wurinsa, amma ba a zubin farko ba.

Mataki na 7: Damina

Amfanin kowace gona ya zama girman gona sau matsakaicin amfani sau sa'ar shekara sau sa'ar manomi. Sa'ar shekara lamba ɗaya ce ga kowa, sa'ar manomi kowa da tasa. In ka manta ta farkon, rashin sa'ar wannan zai cike da sa'ar wancan, jimillar girbin manoma 200 ta zama kusan iri ɗaya kowace shekara, kuma samfurinka ba zai taɓa ganin fari ba.

Mataki na 8: Littafin ma'auni

Rubuta bincike biyu da za su gudana a ƙarshen kowane mako, su tsayar da manhajar in sun gaza. Hatsin da ke hannun kowa yau dole ya yi daidai da na makon jiya, a ƙara girbi da abin da aka shigo da shi, a cire abin da aka ci, wanda ya lalace, wanda aka shuka da wanda aka fitar. Kuɗi ma haka. Kamar mai shago ne da ke ƙirga aljihun tebur kafin ya rufe: in Naira ɗaya ta yi ɓatan dabo, ba a tafiya gida. Yi lissafin kuɗi da cikakkun lambobi, hatsi da kilo ko tiya, domin ɓurɓushin lamba yana taruwa a zagaye dubbai. Ka kuma yanke tun farko abin da zai faru da ɗan sarin da ya karye. In yana fita ba mai maye gurbinsa, bayan shekara talatin kasuwarka ba kowa.

Mataki na 9: Gudanarwa da ƙirga

Gudu ɗaya ba sakamako ba ne. Kowane gudu yana da lambar mafarin ƙuri'a. Ajiye ta, don ita ce za ta ba ka damar maimaita gudun daidai in wani abin mamaki ya fito. Yi gudu 50 da mafari dabam-dabam, kowanne shekara 30, ka zubar da shekara 10 na farko domin a lokacin mahalarta suna warwarewa ne daga lambobin da ka ɗora musu. Ba da rahoton matsakaici tare da faɗin bambanci. In bambancin ya yi yawa, ƙara gudu, amma ka sani sai ka ninka sau huɗu kafin kuskuren ƙiyasi ya ragu da rabi.

Wajen kwatanta manufa, yi amfani da daminar iri ɗaya a ɓangarorin biyu: shekarun nan 30 ba bashi, sannan su ɗin dai da bashi. Hanya mafi tsabta ita ce a ba damina ƙuri'arta dabam da ta kasuwa, don kada ƙarin ƙa'idar bashi ya gusar da jerin lambobin.

Sai jujjuya lambobin da ba ka da tabbas a kansu: lalacewar ajiya, ribar jari, saurin koyo, ragin saye, yawan 'yan sari. Lamba biyar, kowace da ƙima biyar, haɗuwa 3,125 ke nan, sau gudu 50 ya zama 156,250. Ya yi yawa ga ƙaramar kwamfuta. Fara da motsa ɗaya-ɗaya don gano biyu ko uku da suka fi tasiri, sannan ka haɗa waɗannan kaɗai. BehaviorSpace na NetLogo da batch_run na Mesa an yi su ne don wannan. In amsarka ta juya daga “bashi yana taimako” zuwa “bashi yana cutarwa” saboda ka matsar da lalacewar ajiya daga kashi 5 zuwa 7, to abin da ka gano shi ne sai an je an auna lalacewar ajiya a rumbuna na gaske. Wannan ma sakamako ne, kuma sau da yawa ya fi lambar da ka fito nema amfani.

Mataki na 10: Gwada shi da farashin gaske

Ana samun farashin wata-wata daga SIMA, mai tattara bayanan kasuwannin amfanin gona a Nijar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Najeriya, FEWS NET mai gargaɗin farko kan yunwa, da Hukumar Abinci ta Duniya. Cire hauhawar farashi tukuna, ko ka raba farashin kowane wata da matsakaicin shekararsa, in ba haka ba faɗuwar darajar Naira za ta rufe siffar kaka da bazara. In kana haɗa kasuwannin ƙasashen biyu, mayar da Naira da Sefa zuwa kuɗi ɗaya, kuma ka faɗi canjin da ka yi amfani da shi, na banki ko na kasuwa.

Kada ka nemi samfurin ya faɗi farashin wani wata na wata shekara. Nemi ya fitar da siffofi da yawa lokaci guda: watan da farashi ya fi sauka, girman tazarar kaka da damina, yadda tazarar ke bambanta shekara zuwa shekara, da kasancewar akwai shekarun da mai ajiya ke faɗuwa. Siffa ɗaya kowane samfuri zai iya kwaikwaya in an murɗa lambobinsa. Raba alƙaluman gida biyu, ka daidaita samfurin da ɗaya, ka gwada shi da ɗayan da ba ka taɓa ba.

In ka faɗaɗa zuwa kasuwanni da yawa da kuɗin mota a tsakaninsu, misali layin Maraɗi, Jibiya, Katsina, Kano, akwai gwaji biyu masu kyau. Jenny Aker ta wallafa a 2010 cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kasuwannin da ke nesa da juna. A samfurinka, ƙara yawan kasuwannin da ɗan sari ke jin farashinsu kafin ya yi lodi, ka ga ko bambancin ya ragu kuma ko ya fi raguwa a na nesa. Na biyu shi ne rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kada ka kwaikwaye shi da yanke hanya gaba ɗaya, domin kaya ba su daina ratsawa ta ɓarauniyar hanya ba. Ɗaga kuɗin tsallakawa ka rage yawan abin da ke wucewa.

Mataki na 11: Gwajin da ka fito yi

Yanzu ne za ka kunna bashin. Tsarin da aka sani a Nijar shi ne manoma su ajiye hatsi a sito na ƙungiya da kaka, su karɓi bashi a kansa, su biya su fanshi kayansu bayan farashi ya tashi. Ka ba kashi 10 na manoma wannan dama, sannan 25, sannan 50, sannan 75. Auna tazarar farashi, kuɗin da masu bashi suka samu, na waɗanda ba su shiga ba, ribar 'yan sari, da yawan makonnin da gidaje suka ci ƙasa da buƙata.

Sa ido a kan abu guda: yayin da masu shiga ke ƙaruwa, farashin kaka yana ɗagawa, na damina yana sauka, don haka ribar jinkirin tana raguwa ga masu jinkirin kansu, wanda bai shiga ba kuma yana cin moriyar farashin kaka mai kyau. Gwajin da aka yi a ƙauye ɗaya ba zai nuna wannan ba, saboda ƙauye ɗaya ba ya motsa kasuwa. Nemo kason da ribar ke komawa daidai da kuɗin ajiya, ka ga yadda yake matsawa in ka canja lalacewar ajiya da ribar jari.

Mataki na 12: Rubuta shi yadda wani zai sake ginawa

Bi tsarin ODD da Volker Grimm da abokan aikinsa suka fitar a 2006, aka sabunta a 2010 da 2020: manufa, mahalarta da abin da kowa ke riƙe da shi, jerin abin da ke faruwa, yadda aka fara, alƙaluman da aka shigar, da kowace ƙa'ida dalla-dalla. Yi jadawalin lambobi mai nuna wadda aka auna, wadda aka daidaita, da wadda aka ƙiyasta kawai. Ɗora manhajar tare da lambobin mafarin ƙuri'a da lambar fitowar NetLogo ko Mesa da ka yi aiki da ita a ma'ajiyar CoMSES ko GitHub, domin rubutun da ya gudana a Mesa 2 sau da yawa sai an gyara shi kafin ya gudana a Mesa 3.